Shin Mai Taɓin Hankali Ya San Halin Da Yake Ciki?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya girmama ɗan Adam da hankali, Ya sanya shi sharaɗin ɗaukar nauyin shari'a. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, kwanakin baya muna zaune a zaure bayan sallar la'asar, muna karatun abubuwan da ke warware alwala a cikin Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, muka iso kan gushewar hankali. Sai ga wani bawan Allah ya gifta ta ƙofar gida cikin tsummoki, yana magana shi kaɗai, yara na biye da shi suna yi masa ature. Wani ɗalibi ya ce, "Allah gafarta Malam, shin wannan ya san halin da yake ciki kuwa?" Kafin in buɗe baki wani dattijo ya ce, "Ai da ya sani, da ba mahaukaci ba ne." Aka yi dariya, aka koma karatu. Ni kuwa maganar ta tsaya mini a rai, domin amsar da muka ba wannan tambaya ita ce ke yanke yadda muke zama da waɗannan bayin Allah. Wanda ya ɗauka majinyaci bai san kome ba, ba zai ji nauyin ɗaure shi kamar dabba ba. Wanda kuma ya ɗauka ya san kome, da gangan yake yi, sai ya ɗauko bulala.

Bari mu fara da lugga. Kalmar da Larabawa ke kiran hauka da ita, watau junun, tushenta yana nufin rufewa da suturcewa. Daga wannan tushe aka kira ɗan tayi janin, domin ciki ya rufe shi. Aka kira lambu mai duhuwar itatuwa janna. Aka kira aljanu jinn, domin an ɓoye su daga idanunmu. Sa'an nan kalmar majnun, a wurin malaman nahawu da sarfu, suna ne na wanda aka aukar wa da aiki, watau wanda aka rufe wa hankali. Ba shi ya rufe wa kansa ba. Abin da aka rufe kuwa yana nan a ƙarƙashin murfi bai ɓace ba, kuma murfi iri-iri ne: akwai mai kauri, akwai shara-shara, akwai wanda kan yaye yau ya koma gobe. Ke nan tun daga harshe an nuna mana cewa tambayar ɗalibin nan ba ta amsuwa da "i" ko "a'a" kawai.

Malaman fiƙihu ma ba su haɗa masu wannan lalura cikin tukunya guda ba. Asalin hukuncin shi ne hadisin da Abu Dawuda da wasunsa suka ruwaito, wanda ya bayyana cewa ba a rubuta wa mutum uku laifi: mai barci har ya farka, da yaro har ya balaga, da wanda hankalinsa ya gushe har ya dawo masa. A kan wannan suka raba hauka zuwa wanda ya game lokaci duka, da wanda ke zuwa yana yankewa. Mai irin na biyun nan, in ya farfaɗo, sallarsa salla ce, cinikinsa ciniki ne, maganarsa abin kamawa ce. Suka kuma ware ma'atuh, watau mai raunin hankali wanda ke fahimtar wani abu ya kasa fahimtar wani. A mazhabar Imamu Malik, wanda ya warke ba ya rama sallolin da lokacinsu ya fita yana cikin ciwo, amma yana rama azumi. Sakin da ya yi cikin ciwo bai auku ba. Zakka tana wajaba cikin dukiyarsa, waliyyinsa ne ke fitarwa, alamar cewa dukiyar tasa ce har yanzu. In kuwa ciwon ya zama sanadin neman raba aure, sai a yi jinkiri na shekara guda don neman magani. Dubi wannan hukunci na ƙarshe da kyau. Mu muna cewa hauka ba ya warkewa sai dai rangwame, alhali malamanmu sun ajiye shekara guda cur domin suna sa ran waraka.

To, su wa suka san halin da suke ciki? Mafi yawan masu lalurar ƙwaƙwalwa sun sani, kuma sanin nan yana cikin abin da ke ƙona musu zuciya. Cututtukan da suka fi yawa a wannan fanni su ne baƙin ciki mai tsanani da fargaba marar dalili, masu su kuwa ba sa yawo tsirara a kasuwa. Suna cikin sahun salla tare da mu, suna ofis, suna ɗakunan aurensu. Tun a zamanin Abbasiyawa, Abu Zaidin Albalkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 ta Miladiyya, ya bambanta cikin littafinsa Masalihul Abdani wal Anfus tsakanin baƙin cikin da ke da sanadi sananne, kamar rashin ɗan'uwa ko asarar dukiya, da wanda ke sauko wa mutum haka kawai, ya hana shi jin daɗin kome. Ya kuma yi magana mai tsawo a kan waswasi.

Mai waswasi shi ne babban misalin wanda ya sani. Na san wani mutum a unguwarmu da kan fara alwala tun kiran salla, a tayar da iƙama yana nan bakin rijiya yana sake wanke hannu. Ya san hannun ya wanku, ya san abin da yake yi ya saɓa wa hankali, yakan faɗa da bakinsa yana hawaye, amma ya kasa bari. Malamanmu na Malikiyya suna kiran wanda shakka ta aure shi haka mustankahi, suka umurce shi da ya yi watsi da shakkar, kada ya gina kome a kanta. Muslim kuma ya ruwaito cewa wasu sahabbai sun kai kuka ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa suna jin wasu abubuwa a zukatansu da suke ganin girman furta su, sai ya kwantar musu da hankali, ya nuna musu cewa ƙin abin da suke yi shi ne tsantsar imani. Haka nan matar nan mai farfaɗiya da Buhari da Muslim suka kawo labarinta daga Ibn Abbas: ta san ciwonta sarai, ta zaɓi haƙuri don samun Aljanna, sai dai ta roƙi a yi mata addu'a kada jikinta ya riƙa buɗewa in ta faɗi. Likitoci sun tabbatar farfaɗiya ciwo ne dabam da hauka, amma darasin ɗaya ne: abin da ya fi damun majinyaciyar nan shi ne mutuncinta. Masu irin wannan sani da yawa suna ɓoye ciwonsu shekara da shekaru, don tsoron kada a laƙaba musu suna, a fasa auren 'ya'yansu.

Akwai kuma waɗanda ba su sani ba, kuma a nan maganar dattijon zaurenmu take da ƙamshin gaskiya. A shekarar 1914 wani likitan jijiyoyi na Faransa, Joseph Babinski, ya ba da bayanin wasu majinyata da ɓarin jikinsu ya shanye, amma in aka tambaye su sai su ce lafiyarsu lau, hannun yana motsi. Ba ƙarya suke yi ba. Sashen ƙwaƙwalwar da zai sanar da su ne ya taɓu tare da hannun. Ya raɗa wa wannan hali suna anosognosiya, watau rashin sanin ciwo. Daga baya aka ga irinsa a wurin masu ciwon da ake kira sikizofireniya, wanda mai shi kan ji muryoyin da babu su, ko ya ƙudurce cewa ana farautarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta gudanar da bincike a kan wannan ciwo a ƙasashe 9, cikinsu har da Nijeriya ta hanyar cibiyar Ibadan, ta fitar da rahoto a 1973, aka ga rashin yarda da cewa akwai ciwo shi ne alamar da ta fi yawa a tsakanin majinyatan. A 1994 kuma Xavier Amador da abokan aikinsa a Amurka suka samu cewa fiye da rabin masu wannan ciwo da suka bincika ba su gane ba su da lafiya ba.

Dalilin wannan ba shi da wuyar fahimta. Mai ciwon haƙori yana da lafiyayyen hankalin da zai gaya masa haƙori na ciwo. Amma in mudun da ake awo da shi ne ya lotse, da me mai shi zai gane awonsa ya tauye? Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to ga wani ɗaki da maƙwabta ke ganin yoyonsa, mai shi yana ciki yana rantsuwa a bushe yake. Imamul Gazali ya kawo a cikin Ihya, daga Khalilu ɗan Ahmad, rabe-raben mutane ta fuskar sani, har ya zo kan wanda bai sani ba kuma bai san bai sani ba. Sai dai shi Khalilu jahili yake nufi, wanda ake zargi don ya ƙi neman ilmi. Majinyacinmu kuwa babu zargi a kansa. Musun da yake yi wani yanki ne na ciwon, kamar yadda zazzaɓi yake yankin ciwon cizon sauro. Duk wanda ya kira shi taurin kai ya zalunce shi.

Tsakanin waɗannan ƙungiyoyi biyu akwai matakai masu yawa. A shekarar 1990 wani likita a Ingila, Anthony David, ya bayyana cewa sanin nan kashi uku ne da ba lalle su taru ga mutum guda ba: yarda da cewa akwai ciwo, da gane cewa muryoyin da ake ji da abubuwan da ake gani daga ciwon suke, da yarda da shan magani. Duk wanda ya yi jiyyar irin wannan majinyaci a gidajenmu zai gaskata shi. Za ka ga mai shan ƙwayarsa kullum don kada ran mahaifiyarsa ya ɓaci, alhali a zuciyarsa ya tabbata jifa aka yi masa. Za ka ga wanda ya yarda ba shi da lafiya, amma ya ce muryar nan kam gaskiya ce. Haka kuma wanda ya ce iska ce ta taɓa shi, kada a yi gaggawar cewa bai san kome ba. Ya san wani abu ya sauya a tare da shi, sunan da ya samu a gidansu ne ya kira shi da shi. Mun yi imani da samuwar aljanu, domin Alƙur'ani ya tabbatar da su, amma wannan bai sa kowane ciwon kai ya zama aikinsu ba, kuma ruƙiya ta shari'a ba ta hana zuwa asibiti. Buhari ya ruwaito cewa babu wata cuta da Allah Ya saukar face Ya saukar mata da magani.

Yanzu ga abin da na fi so mai karatu ya riƙe. Akwai wani saurayi da ya taɓa karatun Ajurumiya a wurina, mai kaifin basira, ciwon nan ya same shi har ya kai ga kwana a bakin kasuwa. Bayan Allah Ya ba shi sauƙi a hannun likitoci, ya zo gaishe ni. Na tambaye shi ko a lokacin ya san ba shi da lafiya. Ya ce, "Wallahi Malam ban sani ba, gani nake ni ne mai hankali, gari ne ya haɗa baki a kaina. Amma babu abin da na manta. Na san wanda ya jefe ni, na san wanda ya tsallaka titi don kada mu haɗu, na kuma san wata tsohuwa da kan kira ni da sunana ta miƙo mini fura." Tun daga ranar na gane cewa sanin ciwo daban, sanin wulaƙanci daban. Mutum yana iya rasa na farko ƙwarai, na biyun yana nan da ransa. Yunwa da sanyi da zafin bulala da ɗacin dariyar yara duk suna isa gare shi yadda suke isa gare mu.

Da wannan ma'auni ya kamata mu auna abin da ya faru a jiharmu a watan Oktoba na 2019, sa'ad da 'yan sanda suka buɗe gidajen mari a Daura da nan birnin Katsina, bayan wanda aka buɗe a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba, aka fito da mutane masu yawa, wasu da mari a ƙafa da tabon duka a jiki. Ba dukkansu ne masu taɓin hankali ba; akwai 'yan shaye-shaye, akwai waɗanda aka kai don kangara. Iyayen da suka kai su kuwa galibi ba mugunta ta kai su ba, rasa madafa ne da ƙarancin asibiti. Duk da haka abin da ya sauƙaƙa wa zukata ganin ɗan Adam cikin sarƙa shi ne zaton cewa ba ya ji. Abin lura, kalmar aƙal a Larabci 'yar'uwar iƙal ce, watau dabaibayin raƙumi, domin hankali yana dabaibaye mai shi daga ɓarna. Da dabaibayin ciki ya kwance, sai muka zaci ƙarfe a ƙafa zai maye gurbinsa. Kakanninmu a Musulunci ba haka suka tsaya ba: asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 yana da sashen masu taɓin hankali. A ƙasar nan ma, a 1954, Likita Adeoye Lambo ya fara zaunar da majinyata tare da danginsu a ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, suna zuwa asibiti da rana suna kwana cikin jama'a.

Amma wani zai ce, to Malam, in mun yarda cewa musun ciwo alamar ciwo ne, ashe duk wanda aka ce da shi mahaukaci ya shiga tarko ke nan: in ya amsa an kama shi, in ya musa an ce ga shaida. Wannan ƙalubale ne na gaskiya, kuma ba za a raina shi ba. Alƙur'ani ya ba mu labari a suratuz Zariyati cewa al'ummomin da suka gabata sun jefi manzanninsu da sihiri ko hauka. Fir'auna ya faɗa wa Annabi Musa, Ƙuraishawa sun faɗa wa Annabinmu, har Allah Ya wanke shi a farkon suratul Ƙalam. A yau ma ana iya laƙaba wa mai gado hauka don a cinye rabonsa, ko matar da ta yi kukan zalunci don a rufe mata baki. Saboda haka musu shi kaɗai ba hujja ba ne. Sunna ta koya mana bincike: sa'ad da Ma'izu ɗan Malik ya zo yana iƙirarin laifi a kan kansa, Manzon Allah ya tambaye shi ko yana da taɓuwa, ya aika aka tambayi mutanensa ko sun san wata matsala a hankalinsa, aka kuma duba ko ya sha giya. An tambayi mutumin da kansa, an tambayi waɗanda suka san shi, an kore wani sanadi. Haka ya wajaba a yi yau, a kuma bar hukunci ga likitan da ya san fannin. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda aka sanar da sa hannun Shugaba Muhammadu Buhari a kanta a Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma gindaya sharuɗɗa kafin a kwantar da mutum ba da yardarsa ba.

Me ya rage a kanmu ke nan? Inda sani ya kuɓuce wa majinyaci, nauyinsa ya dawo wuyan waliyyinsa da maƙwabtansa. Kada a tsaya gardama da shi don a tilasta masa ya ce "ni mahaukaci ne", gardama ba ta ɗaga wannan murfi, sai dai ta sa ya ɗauke ka cikin maƙiyansa. A kama shi ta inda shi ma ya yarda: ba ya samun barci, kansa na ciwo, zuciyarsa ba ta kwanciya, to mu je a duba wannan. Akwai likitocin ƙwaƙwalwa a nan Katsina, akwai manyan asibitocin fannin a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Dawanau ta Kano. In ciwonsa mai zuwa da komawa ne, a zauna da shi lokacin da yake cikin hayyacinsa, a ji wa ya amince ya kai shi asibiti in abin ya motsa, wa zai riƙe masa dukiya. Suratun Nisa'i ta yi umurni a tsare dukiyar masu raunin hankali, a ciyar da su a tufatar da su daga cikinta, a kuma yi musu magana mai daɗi. Da ba sa jin daɗin magana, da ba a yi umurni da ita ba. A kwaɓi yara masu ature, domin suratul Hujurati ta hana izgili ba ta keɓe kowa ba. Sa'an nan a ƙara sa ido a kansa sa'ad da ya fara samun sauƙi, domin likitoci sun lura cewa dawowar sani kan zo da kunya da baƙin ciki mai nauyi, har wani ya yi tunanin halaka kansa. Ba lokacin ba shi labarin abin da ya yi a kasuwa ba ne.

Daga ƙarshe, ya ɗan'uwa, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mai hassada yakan kira hassadarsa kishin gaskiya, mai girman kai ya kira nasa kare mutunci, mai tauye mudu ya ce wayon kasuwa ne, kowannensu da ciwon da bai yarda yana da shi ba. Bambancinmu da bawan Allah da ya gifta ta ƙofar zaurena shi ne, shi an ɗauke masa alƙalami, mu kuwa ana rubuta mana, har da dariyar da muka yi rannan.

Allah Shi ba marasa lafiyarmu lafiya, Shi saka wa masu jiyyarsu da alheri, Shi dawwamar mana da ni'imar hankali, Shi nuna mana aibobin kawunanmu tun muna da ikon gyarawa. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.